Tukwane Shida a Gonar Aro

Gonar da na gada wurin ubana ba tamu ba ce, kuma duk Dogon Dutsi an san haka. Aro ce. Ubana ya taso daga wajen Dumega da jaki ɗaya, da uwata, da ni a goye, ya sauka gidan wani dattijo cikin mutanen da kakanninsu suka sari dajin wurin. Dattijon ya yanka masa gona a bakin gari, tsakanin bariki da gindin dutse, ya ce ya je ya ci. Bai sa masa ranar mayarwa ba. Sharaɗin ɗaya ne, kuma ba sai an faɗe shi ba, don kowa a Arewa da shi ya tashi: mai gonar aro ya shuka hatsi, ya shuka wake, ya zuba taki iya ƙarfinsa, amma ba ya haƙa rijiya a cikinta, ba ya dasa itace. Hatsi wata uku ne, a girbe a manta. Itace kuwa yana nan tsaye bayan wanda ya ba da aro da wanda ya karɓa duk sun kwanta dama, kuma ranar da jikoki suka tashi rigima, abin da mai gari zai fara tambaya shi ne wa ya dasa wannan. Wanda ya dasa, shi ke da ƙasa.

Lokacin da abin nan ya faru ubana ya rasu, wanda ya ara masa ma ya rasu. Gonar tana hannuna, ina da shekara talatin da ƴan kai, da mata, da ƴaƴa huɗu, da uwata da ta daina zuwa rijiya. Ikon ƙasar kuma yana hannun ɗan wancan dattijo, wanda shi ma ya tsufa har idonsa ya fara yin hazo. Baba nake ce masa. A gabansa aka yi min kaciya, shi ya je nema min aure. Ba ni da wata gona sai wannan, duk abin da ya shiga bakinmu daga cikinta ya fito.

Sai aka kawo mana sabon kumandan, Nasaran da ke mulkin bariki. Na ga Nasara iri-iri, akwai mai bulala, akwai mai giya, akwai wanda ba ka ganinsa sai ranar tafiyarsa. Wannan cutarsa igiya ce. Mutumin nan in ya ga hanya ta lanƙwasa, sai ka ce a idonsa ta lanƙwasa. Bai yi wata biyu ba muka wayi gari an kakkafa turaku an shafa musu farar ƙasa, an ja igiya tun daga ƙofar bariki har gindin dutse, ta bi ta kan gonaki, ta bi ta kan turbar da mata ke bi zuwa rijiya tun kaka da kakanni.

Aka tara mu gaban biro, ofishin kumandan. Tafinta, wani dogon mutum daga ƙasashen bakin teku, ya yi mana bayani da Hausarsa mai kama da tuwon da bai nuna ba. Ya ce gari zai girma, kuma gari ba ya girma kamar sabara, ko'ina ya ga dama. Za a yi hanya mai faɗi, a jera mata maɗaci dama da hagu. Can ƙarshenta, a gindin dutse, za a kewaye fili a sa kujeru.

Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ɗaga murya ta ce, «Hilin nan noma shi za a yi?»

Tafinta ya ce a'a.

«Bisashe za a ɗamre ciki?»

A'a. Kasuwa ma a'a, sallar idi ma a'a.

«To mi za a yi ciki?»

Ya ce, «A zauna.»

Aka bushe da dariya, har gardi, ɗan sandan bariki, ya juya baya yana gyara hula. Mu da muka rasa ruwa, muka rasa hutu, ashe a ganin kumandan wurin zama muka rasa. Ni ma na yi dariyar, kuma ita ce ta ƙarshe da na yi da zuciya ɗaya a shekarar, don tafinta bai gama ba. Ya ce duk wanda igiya ta taɓa gonarsa, shi zai dasa itatuwan da suka faɗo a kansa, shi zai yi musu shinge, shi zai ba su ruwa. Kowane itace za a ɗaura masa guntun gwangwani mai lamba, lambar nan ta mutum ce. Wanda nasa ya mutu, kwana goma sha biyar a gidan kaso, yana ɗaukar dutse a hanyar Dosso. Igiya ta ci min taku goma a gefen gona, wannan ban damu da shi ba sosai. Abin da ya dame ni shi ne ramuka shida da aka ce nawa ne.

Ban koma gida ba, kai tsaye na wuce wurin Baba. Na same shi a zaure yana tufka igiyar kaba. Ban gama gaisuwa ba ya ce, «Na jiya. Shida, ko?»

Na ce, «Shida na, Baba.»

«To mi kaz zo nema?»

Na riga na shirya maganata tun a hanya. Na ce ya zo ya dasa su da hannunsa, ni in ɗauki wahalar ban ruwa, kowa ya ga mai ƙasa ne ya dasa a ƙasarsa. Na ɗauka na kawo maganar hankali. Ya ajiye igiyar a cinyarsa.

«In na dasa da hannuna, na yarda ke nan na ba Anasara. Shi da ƙarhi ya amsa, wanga daban. Abin da anka amshe maka da ƙarhi, kana jiran ranar da za shi dawowa. Abin da ka miƙa da hannunka ya tahi.»

«To in ni na dasa hwa?»

«Anasara baƙo na, wata rana shina komawa garinsu. Icce ba shi zuwa ko'ina. Ɗiyanka su tashi su ce ubansu yad dasa.»

Raina ya ɓaci, na ce, «Haba Baba, ni za ni yi maka haka?»

Ya ce, «Kai ba ka yi. Ka san abin da jikanka ka yi?» Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka, sannan ya ƙara, ba tare da ɗaga murya ba, «Ba ni gaba da kai. Amma ranar da saiwar icce naka tash shiga ƙasata, aro ya ƙare.»

Na fito ina jin kunnuwana suna zafi. Gaba kura, baya sayaki. Washegari na tare tafinta na roƙe shi ya kai maganar wurin kumandan, kuma ya kai, kada in zalunce shi. Ya fito ya ce kumandan ya ce ƙasar ba tawa ba ce, ba ta tsohon ba ce, inda turke ya tsaya nan gwamnati ta tsaya. Ya ce kwana uku aka ba kowa.

Dabarar da na yi ba wanda ya ba ni ita, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa. Da na je garkar bariki karɓar dashen, sai na ga kowane ɗan maɗaci yana zaune cikin ɗan kwandonsa na kaba, kore shar, an jera su a kan dakali. Na tsaya ina kallo. Ga itace da ransa, ga shi bai taɓa ƙasar kowa ba. Na ɗauko nawa shida na yi gida da sauri kamar wanda ya tsinci abu.

Mai ɗakina ɗiyar maginiya ce, a cikin tukwane ta girma. Na ce ta juye randunanmu biyu, ta je wurin uwarta ta samo min huɗu, manya, waɗanda ba su da ko tsaga. Ta dube ni ta ce, «Icce ba kaza ba ta da za ka kihe ta da akurki.» Na ce ba shawara na zo nema ba. Ta je ta kawo. Na ɗebo ƙasa daga bakin tabki, inda ba na kowa ba ne, na haɗa da takin awakinmu.

Rana ta uku na je na kamo hannun Baba, da babban ɗansa, da dattijai biyu don shaida. Na jera tukwanen a bakin ramuka. Tsohon ya durƙusa ya zura hannu cikin kowace, ya shafa gindinta, ya ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa ya kara kunne. Na ce, «Baba, wanga ba dashe ba na, ajiya ta. Ƙasar ciki ba taka ba ta, saiwa ba ta taɓa taka. Ran da Anasara yat tahi, in ɗauke kayana.»

Ɗaya daga cikin dattijan ya yi dariya ya ce tunda yake bai taɓa ganin wayo irin wannan ba. Can Baba ya ce, «Muddin tukunya na da rai, aro na da rai.» Ya ce ɗansa zai riƙa zuwa duk wata yana dubawa. Na binne tukwanen har baki, na rufe bakin da yashi kamar yatsa huɗu, na kafa shingen ƙaya. Kafin la'asar duk gari ya ji labari, ban da bariki.

Shekarar farko Allah ya ba ni sa'ar da ta fi ƙarfin kaina. Da damina wahalar kaɗan ce, sai dai in an yi ruwa mai yawa in bi da ludayi ina kwashe wanda ya kwanta. Da rani ya shigo ne kowa ya gane kurensa. Rijiyarmu mai zurfi ce, kafin wasaki ya fito hannunka ya yi kanta, ka ɗora salka a jaki ka kai, ka zuba, yashin nan ya shanye kafin ka juya baya. Na mutane suka fara zubar da ganye. Wanda rana ta bari gara ta ci, wanda gara ta bari akuya ta tsallaka shinge. Maƙerin da gonarsa ke jikin tawa sau biyu yana shiga kaso, ya fito kafaɗarsa duk ta sale. Nawa kuwa tukunya tana riƙe musu ruwa, tulu ɗaya ya ishi biyu, suna nan kore kamar ba a garin suke ba.

Nan na fara tafiya da kafaɗa. In na wuce majalisa sai in tambayi mutane ina gajiyar ban ruwa, ina sane da abin da nake yi. Har maƙerin nan na taɓa ce wa ya riƙa hura wa nasa zugazugi ko za su tashi. Ya dai dube ni. Ɗan Baba yana zuwa duk wata, ya tona yashi da hannu har wuyan hannu, ya shafa jikin tukunya, ya ce lafiya lau, ya tafi.

Damina ta biyu ta faɗi da ƙarfi. Muna cikin noman farko na lura biyar daga cikinsu sun yi wani irin tashi, sabon ganye ja-ja a kai, sun wuce kafaɗata. Na shidan yana nan iya ƙugu, ganyensa rawaya. Mutane suna yaba biyar ɗin suna tausaya wa ɗayan. Ni kuwa tun da na ga haka abinci ya daina min daɗi, don ba manomin da zai ga itacen da ke cikin tukunya ya yi wannan tashi bai san abin da ke ƙasa ba. Wanda ya tsumbure shi ne mai gaskiya.

Na yi kwana uku ina kewaya su ban taɓa ba. Rana ta huɗu da tsakar rana, da kowa ya koma inuwar gawo shan fura, na shiga shingen babban cikinsu na tona gefe da hannu. Kusa da baki tukunyar lafiya lau. Na ƙara zurfi, sai yatsana ya faɗa cikin tsaga. Na bi ta har ƙasa. Gindin ya rabe gida uku, saiwa kamar babban yatsana ta fito ta nutse cikin ƙasar Baba. Na kama ta na ja, ko motsi ba ta yi ba. Na duba sauran huɗun, duk labarin ɗaya ne.

Na zauna a bakin ramin, gumi yana shiga min ido, ina lissafin abin da ya rage min. In na yanke saiwar, itace mai wannan girma ba ya kwana bakwai a fasasshiyar tukunya, kuma biyar ne. Kafin in fito daga kaso ciyawa ta cinye hatsin, mu shiga rani da rumbu wayam. In na je na faɗa wa Baba, ya riga ya gaya min abin da zai biyo baya, kuma ban taɓa jin ya yi magana biyu ba. Tsoro ne ya kama ni, tsoro tsagwaronsa, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka binne ubana.

Na gaya wa mai ɗakina. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, kuma na so ta faɗa don in sami abin yi wa faɗa. Cewa ta yi, «Tashi ka tahi yanzu ga tsoho. Ba kai ka hwasa ba, icce ya hwasa. Tsoho na da kunya.»

Na ce, «Kunyatai za mu ci baɗi?»

«Tahi dai.»

Na daka mata tsawar da har uwata ta leƙo daga ɗaki. Washegari na je bayan gidan surukata na ɗebi yumɓun da ta kwaɓa don gini, na ƙunshe a riga. Rana biyar ina yi, kullum da tsakar rana, tukunya ɗaya a yini. In tona, in mayar da kowane tsingaro wurinsa, in like tsagar da yumɓu tun daga sama har inda hannuna ya kai, in shafe, in mayar da ƙasa, in watsa busasshen yashi a kai. Aiki na yi mai kyau, Allah ya yafe min.

Da wata ya kama ɗan Baba ya zo. Ina tsaye ina riƙe da kalme ya tona, ya shafa, ya ce lafiya lau. Ya miƙe yana kakkaɓe hannu, sai ya ɗaga kai ya dubi tsawon itacen. Ya daɗe yana kallo. Ban san abin da ya gani a fuskata ba, ya dai yi min sannu da aiki ya wuce.

Abin da ya fi ci min rai gaisuwar safe ce. Ba na iya fasa zuwa, don fashin ma magana ce. In na durƙusa, bayan ya tambayi uwata da yara, sai ya ce, «Ina tukwanenmu?» In ce, «Suna nan, Baba.» Ya ce madalla. Kullum sai in ce gobe zan faɗa, goben ta zo in ga ta fi jiya wuya. Na rame har mutane suka fara tambaya ko ciwon shawara ne ya kama ni.

Hatsi ya fara fitar da kai aka yi shela cewa babban Nasara zai zo daga Yamai ganin hanya. Kwana biyu ana share-share, ana shafa wa duwatsu farar ƙasa. Aka ce kowa ya tsaya jikin itatuwansa, dattijan gari kuma su zauna a bakin sabon filin. Filin nan jifa ɗaya ne daga gonata. Ina tsaye ina hango Baba a kan tabarma, ɗansa na gefensa.

Suka taho a ƙasa tun daga bariki, babban a gaba da sanda a hannu, kumandanmu rabin taku a bayansa, tafinta da gardi biyu suna biye. Abin da suke wucewa ba abin nunawa ba ne, wani ramin ba komai, wani an sake dasawa jiya-jiya bai kai gwiwa ba. Ina addu'a su wuce ni kamar yadda suka wuce kowa. Suna isowa babban ya tsaya cak, ya ɗaga sanda ya auna tsawon na farkon, ya yi magana.

Tafinta ya ce, «Yana tambaya me kake ba su.»

Na ce, «Ruwa ɗai na.»

Ya mayar. Babban ya girgiza kai, ya nuna na maƙeri, ya nuna nawa. Tafinta ya ce, «Ya ce wancan ma ruwa yake ba su.»

Sai na ji muryar maƙeri daga bayan shingensa, da ƙarfi yadda kowa zai ji: «Hwaɗa musu tukunya ta!»

Mutane suka kwashe da dariya. Har yau ban riƙe shi a zuciya ba, ni na saya da bakina. Tafinta ya tambayi abin da ake wa dariya, aka gaya masa, ya mayar. Na ga wuyan kumandanmu ya yi ja, don a gaban babbansa ya ji abin da duk gari ya sani shi bai sani ba. Babban kuwa abin ya ba shi sha'awa. Ya ce a tona ya gani, wataƙila dabara ce da za ta yi amfani a wasu garuruwa. Ya sa aka kira dattijai su matso su ma su koya.

Gardi ya miƙo min dagi. Na karɓa na nufi na shidan, tsumburarren, wanda na san tukunyarsa na da rai. Taku uku na yi, sandar babban ta tare min ƙirji. Ya juya ta ya nuna mafi tsawo.

Na cire ƙayar shingen ɗaya-ɗaya, ina jan lokaci, ban san me nake jira ba. Na durƙusa na fara tona. Bakin tukunya ya fito, aka yi ta mamaki ana turereniya. Na tsaya a nan na ɗaga kai, ko zai ce ya isa. Ya yi min alama da hannu in ci gaba. Gardi ya zungure ni da ƙafa. Ina tonawa ina jin numfashin mutane a kaina, har na iso inda na like. Yumɓun bai riƙe komai ba, ina janye ƙasar da ta tokare shi gefen tukunyar ya ɓalle ya faɗo a hannuna. Ga saiwa nan a fili, ta ƙara kauri, ta yi ƴaƴa.

Nasaran nan biyu suka leƙa. Babban ya yi dariya ya bubbuga kafaɗar kumandan, kumandan ya saki fuska. Tafinta ya ce sun ce madalla, itace ya kama ƙasa, yanzu ba abin da zai kashe shi. Aka ce a fasa ta shidan ma don ya kamo ƴan'uwansa, gardi ya tona ya sa gindin bindiga ya fasa ta. Babban ya sa aka kawo min kan sukari guda daga motarsa a bariki, aka ɗora min a hannu, suka wuce ganin kujeru.

Mutanenmu ba su bi su ba. Ba wanda ya yi dariya kuma. Baba ya ce wa ɗansa ya kai shi bakin ramin. Ya durƙusa da ƙyar, ya zura hannu, ya kama saiwar ya bi ta har inda ta nutse. Ya ce, «Icce ya yi halinsa. Wanga ba laihin kowa ba na.»

Wallahi da na ji haka sai da na ji iska ta shiga ƙirjina. Na buɗe baki zan yi magana. Hannunsa bai fito daga ramin ba, yana ta lalube, har ya ɗauko gefen tukunyar da ya ɓalle. Ya juya shi, ya murza abin da ke jikinsa, ya kai hanci.

«Wanga yumɓu ba a gasa shi ba.»

Ya shafa inda na shafe, ya sami layukan da hannuna ya bari, ya jera yatsunsa huɗu a cikinsu. Ya ce, «Saiwa ba ta da yatsu.»

Ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina. «Tun yaushe?»

Na ce, «Tun noman hwari, Baba.»

«Kullum kana zakuwa gaishe ni.»

Na tsaya rungume da kan sukari kamar wawa.

Ya ajiye tsingaron a hankali, ɗansa ya ɗaga shi. Ya ce, «Abin da ka shuka bana naka na, ka girbe, ka kwashe har kara. Baɗi kada kalmenka shi taɓa ta.»

Sau uku ina tura dattijai ban haƙuri. Ya karɓe su da mutunci, ya ba su ruwa, ya saurare su har suka gama. A na ukun limamin unguwarmu ya tambaye shi, da yaron nan ya zo ya faɗa tun ranar da ya gani, da me za ka yi? Liman ya ce min tsohon ya ce, «Ban sani ba. Bai bar ni in sani ba.»

Na girbe, na kwashe kara. Mai gari ya taimaka aka samo min wani fako a hanyar Matankari, tafiyar hantsi guda, ƙasa mai tsakuwa da sai shekara ta uku ta fara ba mu abin kirki. Mun sha wuya a tsakanin, mai ɗakina ta koma gini wurin uwarta don mu sami na cefane, kuma ko sau ɗaya ba ta tayar min da maganar ba. Lambar gwangwanin kuwa tana nan a kaina. Rani biyu na ƙara ina kai wa itatuwan nan ruwa da jaki, ina zubawa, ɗan Baba yana gefe yana zuba taki a gonar da na sani kamar tafin hannuna. Muna gaisawa. Baba ma bai taɓa ƙin amsa gaisuwata ba, yana amsawa cikakkiya, har ya tambayi uwata da yara, daga nan ya yi shiru har in tashi.

Ya rasu da kaka, shekara huɗu bayan haka. A tsakanin gidajenmu akwai abin da ba a aike a kansa: ubana ne ya haƙa kabarin uban Baba, mutanen gidan Baba suka haƙa na ubana. Ina jin kukan mata na ɗauki dagi na yi maƙabarta, na riga kowa isa. Na cire riga, na auna wurin, na ɗaga dagin ke nan sai na ji an riƙe shi ta baya. Ɗansa ne, idanunsa jajur. Bai yi min faɗa ba, muryarsa ma ƙasa-ƙasa take don kada waɗanda ke tahowa su ji.

Ya ce, «Yi haƙuri. Ya bar sallahu. Ya ce ka yi mai salla, ka ɗauki makara in kana so, amma kada ka gina kabarinai.»

Na sakar masa dagin. Ya miƙa wa maƙeri, ni kuma na koma gefe na sa rigata.